Hali Zanen Dutse, Ko Taro Ke Juya Shi?

Akwai karin magana guda biyu da kowane Bahaushe ya tashi yana jin su, waɗanda in mutum ya ajiye su kusa da juna ya dube su da natsuwa sai ya ga kamar ɗaya yana warware abin da ɗaya ya ƙulla, alhali kuwa daga bakin dattawa guda suka fito. Na farko ya ce hali zanen dutse ne, wato abin da aka halicci mutum da shi ba ya kankaruwa, ko an kai shi Makka ko an kai shi gidan kaso. Na biyu kuwa ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, wato mutum yakan rine da launin waɗanda yake cuɗanya da su ko da bai nufa ba. Wannan saɓani ya cancanci a tsaya a kansa, domin a kan amsar da muka ba shi muke gina hukuncin da muke yanke wa junanmu kullum: wanda za a ba bashi da wanda za a hana, wanda za a ba 'ya, wanda za a karɓi shaidarsa, wanda in ya yi kuskure sau ɗaya za a ce tuntuɓe ya yi, da wanda za a ce asirinsa ne ya tonu. Bayan wannan kuma akwai abin da ya fi nauyi, shi ne cewa mu al'umma ce da ta yi imani da taklifi da hisabi, cewa kowane baligi mai hankali shi kaɗai zai tsaya ya amsa abin da ya aikata. To, in har gaskiya ne taro yana juya zuciya, mene ne matsayin wannan tsayuwa?

Babu makarantar da ta fi kasuwa dacewa da wannan bahasi, balle a Katsina, birnin da ilmi da fatauci suka girma tare tun zamanin hasumiyar Gobarau, da zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani a bayanta, lokacin da ayarin Azbinawa ke sauke gishiri da dabino a inda ɗalibai ke neman guzurin karatu. Ka shiga layin masu hatsi a Babbar Kasuwa da hantsi, sa'ad da 'yan dako ke sauke buhunan gero da dawa da masara daga motocin ƙauye. Mai awo ya kwance bakin buhu, ya naɗe shi, ya soka tiyarsa a tsakiyar hatsin, amma bai faɗi kuɗi ba tukuna, domin kunnensa yana wajen maƙwabcinsa, yana jira ya ji a nawa aka taya aka ce albarka, a nawa kuma aka sallama. Kafin azahar layin duka ya tsaya a kan kuɗi guda ko kusa da haka, ba tare da an yi shela ba, ba kuma tare da an zauna shawara ba. In ka tambayi kowannensu dalili, zai ce maka haka kasuwa ta yi yau, sai ka ce kasuwar wata halitta ce dabam da shi da 'yan'uwansa. Haka muka gani a fili a farkon shekarar 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000: Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun suna nan da halaccinsu, amma aka yi kwanaki masu kaya da yawa suna ƙin karɓarsu, saboda abin da ya dami mai tumatir shi ne ko mahauci zai karɓa daga hannunsa da yamma. Mahaucin ba ya wurin, bai ce kome ba, amma zaton abin da zai ce ya rinjayi hukuncin alƙalan Abuja.

Wannan irin tasiri, na wanda yake nan da na wanda ba ya nan, shi ne abin da wani fanni na ilmin zamani ya keɓe ya mai da shi aikinsa, fannin da za mu kira ilmin halayyar ɗan Adam a cikin jama'a. Littattafai biyu da aka fi ambata a matsayin mafarinsa sun fito a shekara guda, 1908, ɗaya na William McDougall a Ingila, ɗaya na Edward Ross a Amurka. A 1954 Gordon Allport ya yi masa ta'arifin da ake karantarwa har yau, wanda ma'anarsa ita ce ƙoƙarin gane yadda tunanin mutum da abin da yake ji a ransa da abin da yake aikatawa suke sauyawa saboda wasu mutane, ko suna gabansa, ko yana raya su a zuciyarsa, ko kuwa al'ada ce kawai ke wakiltarsu. Kafin wannan, Kurt Lewin, wanda ya yi hijira daga Jamus zuwa Amurka a 1933, ya kafa ƙa'ida a 1936 cewa aikin mutum yakan samu ne daga haɗuwar abu biyu, shi kansa mutumin da kuma yanayin da ya sami kansa a ciki, wato ya ɗaura wa karin maganarmu biyu aure. Amma fa wannan a baki abu ne mai sauƙi, kuma malamanmu sun riga su faɗa: Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a cikin Ihya'u a kan riya da a kan zaɓen abokin zama, Ibn Khaldun kuma a Muƙaddimarsa ta 1377 ya bayyana yadda wanda aka rinjaya yake kwaikwayon wanda ya rinjaye shi har a tufafi. Abin da mutanen wannan fanni suka zo da shi sabo shi ne ma'auni, wato hanyar da za a bi a san nawa ne rabon hali, nawa ne rabon wuri, maimakon kowa ya ɗauki karin maganar da ta yi daidai da bukatarsa ta ranar.

Gwajin da ya fi kowane shahara a wannan babi shi ne na Solomon Asch, wanda ya fara bayyana sakamakonsa a 1951. Yakan tara ɗalibai kamar bakwai ko takwas a ɗaki, ya nuna musu zane guda a kati, da wasu zane uku a wani katin, ya ce kowa ya faɗi da ƙarfi wanne cikin ukun ya yi tsawo ɗaya da na farkon, tambayar da in mutum shi kaɗai ne kuskurensa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sai dai duk waɗanda ke ɗakin an haɗa baki da su, in ban da mutum ɗaya da aka zaunar kusa da ƙarshe, kuma a zagaye 12 daga cikin 18 sukan faɗi amsar ƙarya ɗaya bayan ɗaya da fuska a sake. Abin da ya fito shi ne, wajen kashi 37 cikin 100 na amsoshin waɗannan bayin Allah sun bi taro sun bar abin da idonsu ya gani, kuma uku cikin kowane huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya. Ba a yi musu barazana ba, ba a yi musu alkawarin kome ba, kuma waɗanda suka bi ɗin ba iyayensu ba ne ba malamansu ba.

Ɗalibin fiƙihu da ya ji wannan labari zai gane dabarar nan take, domin ita ce abin da ake kira najashi, wanda hani a kansa ya zo a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik: mutum ya tsaya yana ƙara tayi a kan kaya alhali ba ya nufin saye, don kawai wanda yake nufin sayen ya ga an yi rububi ya biyo shi. Duk wanda ya taɓa neman rago gab da Babbar Salla ya san yadda zuciya take yi in aka sami biyu ko uku sun kewaye dabbar da yake so, suna shafa gadon bayanta suna buɗe bakinta. Shari'a ba ta hana abu ba sai don ta san yana cin mutane. Amma akwai abin da ya fi wannan zurfi a wajen malaman usulu, a inda suka yi maganar labari mutawatiri, wanda yake ba da yaƙini saboda yawan masu ba da shi. Ba su yarda yawa kaɗai ya isa ba. Sun sa sharaɗi cewa ya zama jama'ar da ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba, kuma asalin labarin ya zama abin da aka gani da ido ko aka ji da kunne, a kowane mataki na ruwayar. In ka auna ɗakin Asch da wannan sharaɗi, za ka ga bakuna bakwai ne amma shaida ɗaya ce, haka kuma mafi yawan abin da muke kira kowa ya sani. A watan Agusta na 2014, lokacin fargabar cutar Ebola, saƙo ya zaga Nijeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, aka tashi mutane daga barci ta waya, gidaje da yawa suka aikata, har aka yi asarar rayuka. Kowa ya ji daga mutane da yawa, amma babu ɗaya a cikinsu da ya gani, kowannensu daga wani ya ji.

To, ta yaya ake binciken irin waɗannan al'amura ba tare da mai binciken shi ma ya faɗa cikin zato ba? Hanya ta farko ita ce lura, wato a je a zauna a ƙidaya abin da ke faruwa a rubuta, kuma muna da misalinta a bakin ƙofarmu. Polly Hill, wata Baturiyar Ingila masaniyar tattalin arzikin karkara, ta zauna a Batagarawa a 1967, tana bin gonaki da gidaje ɗaya bayan ɗaya, kuma littafin da ta fitar a 1972 ya nuna cewa zaton da masana ke yi na cewa manoman ƙauye duk ɗaya suke a talauci ba shi da tushe, domin a gari guda akwai mai rumbun da yake sayar da hatsi da bazara, akwai kuma wanda yake barin gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya sami na awo. Ta kuma jawo hankali ga cinikin da mata ke yi daga cikin gida ta hannun yara masu talla, wanda duk mai ƙidayar da ya tsaya a kasuwa kawai ba zai gan shi ba. Lura tana gaya maka abin da yake akwai, amma ba ta gaya maka sababinsa.

Hanya ta biyu ita ce tambaya, kuma ita ce ta fi sauƙi ta fi ruɗi. Richard LaPiere ya zaga Amurka tare da wani Basine da matarsa a lokacin da ƙyamar Sinawa ta yi ƙarfi a ƙasar, suka shiga masaukai da gidajen abinci 251, aka ƙi karɓarsu a wuri ɗaya tak. Bayan watanni ya rubuta wa wuraren wasiƙa yana tambaya ko za su karɓi Sinawa, cikin 128 da suka amsa fiye da kashi 90 cikin 100 suka ce ba za su karɓa ba. Ya buga wannan a 1934, kuma ko da yake an yi masa gyara cewa mai amsa wasiƙa ba lalle ne shi ya tarbe su a ƙofa ba, darasin ya zauna: abin da baki ke faɗa da abin da hannu ke yi ba kullum suke tafiya tare ba. A wurinmu kuwa, inda kunya da kara suke da ƙarfi, inda ƙarami ba ya musa wa babba a gaban mutane, wanda ya ɗauki takarda ya bi rumfuna yana tambayar masu awo ko suna cika mudu zai koma da takarda cike da na'am, bai ƙaru da kome ba sai sanin ladabin Katsinawa.

Hanya ta uku ita ce a duba ko abu biyu suna tafiya tare, in wannan ya ƙaru wancan ya ƙaru. A nan ma malaman usulu sun riga sun haƙa rijiyar, domin wajen neman illar hukunci sun yi maganar daurani, wato a ga hukunci yana samuwa in siffa ta samu, yana gushewa in ta gushe, kuma wasunsu, har da Imamu Gazali, sun ƙi yarda wannan kaɗai ya tabbatar da illa. Misalinsu shi ne warin giya, wanda yake zuwa tare da haramcinta yake tafiya tare da shi in ta koma kal, wato ruwan tsami, alhali illar ita ce sa maye. Haka in ka ga rumfar da mutane suka fi taruwa ita ta fi ciniki, ba ka san ko taron ne ke jawo masu saye ba, ko kyawun kayan ne ya jawo taron da cinikin duka, ko kuwa rumfar ce kawai take bakin ƙofar da motoci ke sauke mutane.

Saboda haka aka koma ga hanya ta huɗu, wato gwaji, wanda ruhinsa shi ne ƙuri'a. Akan ɗauki mutane a raba su gida biyu ko uku ta hanyar ƙuri'a, don kada mai bincike ya zaɓa da son ransa, kuma don masu kirki da marasa kirki, masu haƙuri da masu garaje, su watsu daidai a kowane gida. Sa'an nan a sauya abu ɗaya tak a tsakanin gidajen, a bar sauran kome yadda yake. In aka ga bambanci a ƙarshe wanda ya wuce abin da dace kaɗai zai iya haifarwa, to, an sami hujjar jingina shi ga wannan abu ɗaya. Mu da muka san ƙuri'a a fiƙihu a matsayin hanyar raba haƙƙi in masu shi sun yi daidai, bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Ga yadda John Darley da Daniel Batson suka yi amfani da ita a makarantar horar da limaman Kirista ta Princeton, a gwajin da suka buga a 1973. An ce wa kowane ɗalibi ya tafi wani gini ya yi ɗan jawabi, wasunsu ma a kan ƙissar Basamariyen nan ta cikin Linjila wanda ya taimaki wanda aka yasar a hanya. An ce wa wasu sun makara ana jiransu, wasu an ce lokaci ya yi daidai, wasu an ce akwai sauran lokaci. A kan hanya aka ajiye mutum a zaune a bakin ƙofa, kai a sunkuye, yana tari yana nishi. Cikin waɗanda ba sa sauri kashi 63 cikin 100 suka taimaka, cikin na tsakiya kashi 45, cikin masu sauri kashi 10 kacal. Abin da za su yi jawabi a kansa kuwa bai kawo wani bambancin a zo a gani ba.

Wannan sakamako ya kamata ya sa kowane mai wa'azi ya yi shiru na ɗan lokaci, kuma ya sa kowannenmu ya sassauta harshe. Lee Ross ya sa wa wannan cuta suna a 1977, cutar da take sa in mun ga aikin wani mu jingina shi ga halinsa mu manta da halin da yake ciki, alhali in namu aikin ne mun san uzurinmu ɗaya bayan ɗaya. Ɗan dako ya bangaje ka da buhu a kansa, ka ce ba shi da tarbiyya, ba ka ga cewa buhun ya rufe masa gefen ido ba, kuma ana biyansa ne a kan yawan sawun da ya yi. Wanda kake bi bashi ya sauya layi don kada ku haɗu, ka ce macuci ne, mai yiwuwa kuwa kunya ce ke korarsa saboda shi ma wani ya riƙe masa nasa. Suratul Hujurati ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, ta kuma hane mu yawan zato, kuma ina ganin kyautata zato da aka hore mu da shi ya wuce ladabi kawai: sau da yawa shi ne ya fi kusa da abin da ya faru a haƙiƙa, domin shi ne yake sa lissafin yanayin da mugun zato yake tsallakewa.

A nan ne mai tsoron Allah zai ɗaga hannu ya ce, ashe wannan ilmi ba Jabariyya ba ce ta dawo da sabuwar riga? In sauri ne ya hana taimako, taro ne ya sa ƙarya, to, kowa ya sami mafaka, ɓarawo ya ce yunwa, azzalumi ya ce umarni aka ba shi. Wannan tsoro yana da tushe, kuma akwai masu karanta waɗannan gwaje-gwaje da suka tafi can. Amma shari'a ba ta taɓa musun nauyin yanayi ba: ta hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, ta ɗauke laifi daga wanda aka tilasta, Sayyidina Umar kuma ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa; duk da haka ba ta ce taklifi ya faɗi ba, matsayin Ahlus Sunna shi ne bawa yana da kasabi da zaɓi wanda a kansa ake yi masa sakamako. Su kansu alƙaluman, in aka karanta su har ƙarshe, wannan suke nunawa. A ɗakin Asch mutum ɗaya cikin huɗu bai bi taro ba ko sau ɗaya. A gwajin Stanley Milgram na Jami'ar Yale, wanda aka buga a 1963, inda aka umarci mutane su riƙa sakar wa wani wutar lantarki da suke zaton ta gaske ce, 26 cikin 40 sun bi umarni har ƙarshe, amma 14 sun tsaya sun ce ba za su ci gaba ba, a ɗaki guda, gaban mai umarni guda. Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne abin da ya faru da aka sauya tsarin kaɗan: da Asch ya sa mutum ɗaya cikin taron ya faɗi gaskiya, bin ƙarya ya ragu zuwa wajen rubu'in yadda yake a da, da Milgram ya sa abokan aiki biyu suka ƙi umarni a gaban wanda ake gwadawa, 4 kawai cikin 40 suka kai ƙarshe.

Duk wanda ya daɗe yana shiga manyan kasuwanninmu ya taɓa jin wannan ihu na ɓarawo, ya kuma ga yadda layi yake tashi gaba ɗaya kafin kowa ya san abin da aka sata ko wanda ya gani. Na goma da ya kai duka bai ga kome ba sai na tara, na tara bai ga kome ba sai na takwas, waɗanda ke tsaye a gefe kuma kowa yana jiran wani ya yi magana. Darley da Bibb Latané sun auna wannan jira a 1968: wanda ya ji wani yana farfaɗiya yana zaton shi kaɗai ya ji, kashi 85 cikin 100 sun tashi neman taimako kafin muryar ta yanke, wanda yake zaton akwai wasu huɗu da suka ji, kashi 31. Wannan shi ne ramin da ke cikin farali na kifaya, wanda in wasu suka yi ya faɗi daga kan saura, amma in kowa ya dogara ga kowa aka bari, laifin ya hau kan duk wanda ya sani yake da iko. Sau da yawa kuwa abin da ke kashe wutar dattijo ɗaya ne, ya fito daga rumfarsa, ya kutsa ya dafa kafaɗar yaron, ya ɗaga murya ya ce, ku dakata 'ya'yana, wa ya gani da idonsa, me aka ɗauka, ina mai kayan? Da zarar ya faɗa sai ka ji muryoyi uku huɗu sun ce gaskiya ne Baba, a kai shi wajen hukuma. Waɗannan muryoyi suna nan tun farko, na farkon kawai suke jira. Don haka ni a ganina sanin ƙarfin taro ƙara wa mukallafi nauyi yake yi: wanda ya san sauri yana makantar da shi ga mabukaci, wajibinsa ne ya tsara fitarsa, wanda ya san murya ɗaya tana kwance ɗaurin mutum goma, shirunsa ya fi na jahili tsada, shugabannin kasuwa kuma da suka san wuri yana gyara mutum yana ɓata shi, a wuyansu yake su tsayar da mudu guda da wurin kai ƙara da kowa ya sani.

Ba zan ɓoye ba cewa akwai abubuwan da ke hana ni sakin jiki da wannan fanni ɗungurungum. Gwajin Asch najashi ne aka yi don neman ilmi, na Milgram kuwa ya sa mutane cikin baƙin ciki na gaske, abin da Diana Baumrind ta yi masa raddi a kansa a 1964, kuma irin wannan suka na cikin abin da ya sa yanzu jami'o'i ba sa barin a gwada mutum sai da yardarsa, da izinin kwamitin da ke duba cutarwa, da kuma bayyana masa gaskiya bayan an gama. Musulmi zai ƙara da nasa sharaɗin, cewa kallon abin da ke fili a kasuwa dabam ne da tajassusi a kan abin da mutum ya suturta. Sa'an nan ma'aunin yana kaiwa ga aiki ne kawai, niyya kuwa, wadda a kanta lada yake, ta fi ƙarfinsa: mutum biyu za su cika mudu daidai, ɗaya don Allah ɗaya don idon maƙwabci, takardar mai bincike ta rubuta su a layi guda. Kuma shi kansa fannin ya kama kansa da sakaci, domin a 2015 da wata ƙungiyar masana ta sake gwaje-gwaje 100 da aka riga aka buga, wajen kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi.

Abu na ƙarshe ya fi shafarmu. A 2010 Joseph Henrich da abokansa biyu suka nuna cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka gwada a manyan mujallun ilmin halayya sun fito ne daga ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin 100 na mutanen duniya ba, da yawansu kuma ɗaliban jami'a ne. Ko maganar masu kallo da ba sa taimako, da Richard Philpot da abokansa suka duba hotunan kyamarar titi na rigingimu 219 a Amsterdam da Lancaster da Cape Town, sun tarar a tara cikin goma an sami wanda ya shiga tsakani. Ɗalibin Princeton baƙo ne ga wanda ya gani a ƙofa, mai rumfa a Babbar Kasuwa kuwa ya san uban wanda ya faɗi, ya san unguwarsu, gobe kuma za su haɗu a sahu. Ba daidai ba ne a ɗauko alƙaluman can a shimfiɗa su a nan ba tare da an sake awo ba. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Jami'ar Al-Qalam, duka a Katsina, ga kasuwa tana ci kullum. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya bi ta wajen mai sayar da abinci ya sa hannunsa cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, kuma a kan irin wannan aka gina aikin muhtasibi, mai sa ido a kan ciniki a kasuwa. Ɗalibi zai iya neman izinin shugabannin kasuwa, a sanar da layin masu hatsi cewa za a yi awo cikin wata kaza ba tare da an faɗi rana ba, a raba masu saye ta ƙuri'a, wannan ya je da Hausar Katsina wancan da harshen baƙo, wannan da yaro wancan da dattijo, a dawo a sake auna kowace tiya a kan sikeli guda, a rubuta nauyi a bar sunan mai rumfa, sa'an nan a tara masu awon a karanta musu abin da aka samu da Hausa kafin a kai shi kowace mujalla.